Taram a Cikin Ruwa

Nilmoni Basak a cikin taram, ƙaramin jirgin ƙasa mai bin titunan gari, ya mutu, kuma duk wanda aka gaya wa a unguwar sai ya girgiza kai ya ce, to dama a ina zai mutu in ba can ba. Da hantsi ya shiga daga Shyambazar, ya zauna inda ya saba zama, bakin taga a taragon gaba, kyamararsa rataye a wuya. Jirgin ya yi ta jan jiki a kan layin dogonsa na tsakiyar titi, motoci da babura suna kewaye shi suna zuba masa oda, har ya isa Esplanade. Kowa ya sauka ban da shi. Kwandastan ya san shi shekara da shekaru, ya ɗauka gyangyaɗin tsufa ne, ya ƙyale shi suka juyo tare. Sai da jirgin ya sha wata kwana, kan tsohon ya bugi gilashi bai ko motsa ba, sannan kwandastan ya matso ya taɓa kafaɗarsa.

A lokacin matarsa Shefali tana zaune a ƙasa a kicin tana yanka kabewa. Ta ji takun mutum a matakala, ta san ba na mijinta ba ne. Anowar ne, mai tuƙa injin maɗaba'arsu da ke ƙasan gidan. Tun yana yaro yake wurin, tun zamanin mahaifinta, tare suka girma yana kiran ta Didi kamar yayarsa ta jini, amma ba ya hawowa sama sai da dalili. Ya tsaya a bakin ƙofa, hannuwansa duk tawada.

"Didi, ajiye wuƙar nan tukuna."

"Injin ne ya sake tsayawa?"

"Daga tashar taram aka bugo waya. Maigida ne. Didi, sun ce ya cika."

Ta dube shi, ta dubi kabewar. Saura ɓari ɗaya. Ta ƙarasa yankawa, ta zuba a kwano, ta kife faranti a kai saboda ƙudaje, sannan ta tashi ta wanke hannu.

Duk abin da ake yi an yi. Ɗansu Tuhin ya taso daga Pune, aka kai gawar bakin kogi a Nimtala, shi ya sa wa itacen ƙona gawar wuta. Matan dangi suka fasa mata fararen awarwaron aure, suka goge jan garin matan aure da ke tsagar gashinta, suka naɗa mata farin sari, zanen takaba. Duk inda aka ce ta zauna ta zauna, abin da aka ba ta ta ci. Ta yi ta jiran kuka ya zo kamar yadda mutum ke jiran atishawar da ta maƙale, bai zo ba. Wata ƙanwar mijinta ta ce wa matan da ke kusa, "Ku ƙyale ta, a ciki yake cin ta." Shefali ta ji, ta duba cikin nata ko akwai abin da ke cin ta, ba ta ga komai ba. Ƙafafunta ne dai ke ciwo saboda zama a tabarma.

Da aka gama sadakar mamaci baƙi suka watse, Tuhin ya zauna kusa da ita a bakin gado.

"Ma, ba zan bar ki ke kaɗai a gidan nan ba. Ki tattara ki biyo ni. Shagon ma ai ya daɗe da mutuwa, Baba ne kawai bai yarda ba."

"To," in ji ta.

"To ɗin me? To za ki zo, ko to kin ji?"

"To na ji."

Ya koma bakin aikinsa, ya ce zai dawo bayan damina su ƙarasa maganar.

Gaskiya ya faɗa game da shagon. Maɗaba'ar ta mahaifinta ce, a wani lungu da ke bayan titin Chitpur, inda a da kowace ƙofa ka leƙa sai ka ji ƙarar inji da warin kananzir. Nilmoni ɗan koyo ne da ya zo daga ƙauye, ya iya aiki, tsohon ya ba shi 'yarsa da shagon gaba ɗaya. Sun buga fostocin 'yan wasan kwaikwayo masu yawo ƙauyuka, da katunan aure, da kalandar bukukuwa, da takardun naɗe sabulu. Da kwamfuta ta shigo, maƙwabta suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, ana auna haruffansu na dalma a sikeli ana kai wa masu narkarwa. Nilmoni bai rufe ba, amma kuma bai damu da neman aiki ba. Hankalinsa yana kan taram. Tun yana saurayi ya sayi tsohuwar kyamara a hannun wani ɗan gwanjo, daga nan ba layin da bai bi ba, ba garejin da bai shiga ba. In ya ji wata maɗaba'a za ta rufe, sai ya je ya tone kwandon tarkacenta yana neman farantan tutiya, waɗanda ake sassaƙa hoto a jiki a shafa musu tawada a buga. Ta haka ya tara hotunan da suka girmi kakansa, har da na lokacin da dawakai ne ke jan taram. Yana da abokai masu irin ciwonsa, tsofaffi yawancinsu, kowace Lahadi suna taruwa a shagon suna shan shayi a kofin yumɓu suna musu kan lambar jirgin da aka daina gani tun kafin a haifi Tuhin.

Biyu daga cikinsu ne suka zo mata wata Lahadi da la'asar. Gurupada Laha, tsohon malamin makaranta mai yawo da lema ko ba hadari, shi ne shugaban ƙungiyarsu ta masoya taram. Ɗayan kuwa Denzil Gomes, wanda ya tuƙa taram har ya yi ritaya, kunnensa ɗaya ya mutu saboda ƙarar ƙararrawa. Suka zauna a gefen kujera kamar masu jiran likita.

"Boudi," in ji Gurupada, don matar yayansu suke ɗaukar ta, "ba mu so mu dame ki ba. Amma akwai maganar littafin."

Ta san da littafin. Shekara biyu ke nan mijinta yana fama da shi: hotunan taram na da da na yanzu, a buga su a kan tsohon injin, da hannu, ba da kwamfuta ba. Layukan taram sai ƙarewa suke, yau a rufe wannan gobe a shafe wancan da kwalta, ƙungiyar tana so ta fito da littafin ranar da za ta yi hayar jirgi guda ta zaga gari da shi.

"Hotunan duk ya buga su," in ji Gurupada. "Saura rubutun ƙasan kowane hoto, wuri kaza, shekara kaza. Ya bar gurbinsu fari. Ya ce duk suna kansa."

"Kan nasa kuwa ga inda ya tafi da shi," in ji Gomes da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa.

"Kai Denzil, a gaban matarsa?"

"Me na ce? Ƙarya na yi?"

Aka kira Anowar. Ya ce shi inji zai tuƙa ko ido rufe, amma jera haruffa ya fi ƙarfinsa yanzu, yanar ido ta rufe masa gani, ƙananan haruffan nan duk sun zama masa tsaba ɗaya. Masu jera haruffa na lungun kuwa wasu sun mutu, wasu suna gadi a bakin manyan kantuna. Sannan ya ce, bai kalle ta ba, "Didi ta iya. Kafin aurenta ita ke jera wa Baba katunan aure."

Gurupada ya buɗe baki. "Boudi! Shekara nawa muna shan shayinki ba mu sani ba?"

"Ba ku tambaya ba," in ji ta.

Ba don littafin ta yarda ba, ba kuma don mamacin ba. Wunin ne ya yi mata tsawo. Ba wanda za ta dafa wa abinci da rana, ba rigar da za ta goge, ita kuwa tafasasshiyar shinkafa da ganye ba sa cin lokaci. Washegari ta sauka ƙasa.

Akwatunan haruffan suna nan yadda mahaifinta ya bar su, kowane harafi da raminsa, kuma haruffan Bengali ba su da iyaka, wasu a haɗe biyu-biyu, wasu uku-uku. Ta tsaya gabansu ta ɗauka ta manta. Hannunta bai manta ba. Ya riƙa zuwa ramin da ya dace tun kafin ta yi tunani, yana ɗauko harafi yana sawa a ƙarfen jerawa, a kife, daga baya zuwa gaba. Yatsunta suka yi baƙi da dalma. Farin sarin ma bai tsira ba, har wata maƙwabciya ta yi magana a bakin famfo cewa takaba a shago sabon salo ne.

Tsarin aikin shi ne, tsofaffin nan biyu su zo da safe, Anowar ya shimfiɗa hoto a kan tebur, su yi ta musu har su daidaita, Gurupada ya faɗa, ita ta jera.

"Wannan ai gadar Howrah ce, ta ɓangaren gari."

"Ta ɓangaren tasha dai. Kai da ka koyar da taswira shekara talatin ba ka san gabas da yamma ba?"

"Kai kuma da ka tuƙa jirgi shekara talatin kana kallon gindin bas, me ka gani?"

"Me ya ce?" Gomes ya juyo wa Anowar kunnensa mai rai.

"Ya ce kana da gaskiya, yallaɓai."

"Ai na sani."

Shefali tana jin su kamar rediyon maƙwabta. Hotunan suna wucewa ta gabanta: taram a gaban masallacin Nakhoda da mutane maƙale a ƙofa, taram a filin Maidan cikin hazon safiya da awaki suna tsallaka layi, taram da aka ƙona a wata zanga-zanga saura ƙarfe. Ta lura mijinta ya iya ɗaukar hoto. A da ba ta taɓa tsayawa ta duba ba, ta san su ne a matsayin akwatunan da ke hana ta share ƙarƙashin gado.

Wata safiya da aka kwana ana ruwa, Anowar ya ɗauko takarda ta gaba, ya dube ta kusa da ido, ya yi kamar zai mayar ƙasan tarin. Gurupada ya fizge.

"Kawo nan! Ai wannan shi ne sarkin littafin."

Taram ne tsaye a tsakiyar ruwa, ruwan ya kai masa har gindin tagogi. Ba kowa a ciki sai wani kare da ya hau kujera yana leƙe. A bayansa gidaje sun nutse har rabin ƙofa, ga wani mutum can nesa da buhu a ka, ruwa a ƙirjinsa. An ɗauki hoton daga sama, daga kan wani rufi ko baranda.

"Dubi hasken nan," in ji Gurupada. "Dubi karen. Wani Bature ya taɓa yi masa tayin wannan hoton, ya ƙi. Unguwar Thanthania ce nan, ba musu. Shekarar ce ban tabbata ba. Ina jin tamanin da huɗu."

"Tamanin da shida," in ji Gomes. "Ni na san jirgin nan, birkinsa na hagu ba ya ci."

"Birki ake gani a hoto?"

"Ni ina gani."

"Saba'in da takwas ne," in ji Shefali daga inda take tsaye. "Ƙarshen Satumba. Ranar Laraba."

Suka juyo su biyun. Gurupada ya buga lemarsa a ƙasa. "Babbar ambaliya! Haka ne, wallahi haka ne. Boudi, ashe ke ce kundin. Denzil, ka ji kunya."

"Me ta ce?"

"Ta ce ka tsufa."

Ba wanda ya tambaye ta yadda aka yi ta riƙe ranar. Ta juya ga akwatunan ta fara ɗauko haruffa.

A ranar da ake magana tana da cikin fari, wata takwas. Kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Da safe ta ce wa Nilmoni bayanta yana ciwo wani iri. Ya ce sanyi ne, ta kwanta, zai leƙa babban titi ya ga yadda jiragen suka maƙale ya dawo yanzun nan. Ya naɗe kyamara a leda ya fita. Kafin azahar naƙuda ta taso gadan-gadan. Mahaifinta ƙafarsa ba ta da ƙarfi, Anowar ne, yana ɗan saurayi a lokacin, ya samo mai keken ja da ya yarda, suka ɗora ta, mai keken yana ja shi yana turawa, ruwa har wuya a wasu wuraren. Tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba ta cinye musu wunin. 'Yar ta zo ba ta numfashi. Nilmoni ya iso asibitin da magariba, jiƙe sharkaf, ledar tana rataye a wuyansa a bushe. Ya tsaya a gindin gadon yana rawar sanyi. Bai ce komai ba, ita ma ba ta ce ba, kuma haka suka ci gaba da rashin cewa har aka haifi Tuhin, har ya girma, har gashinsu ya yi fari.

Da tsofaffin suka tafi cin abincin rana, Anowar ya zauna yana wanke robobin injin da kananzir. Ya daɗe yana goge wuri ɗaya.

"Didi, in kina so a cire shi, a cire. Sai in ce takardun sun jiƙe, damina ce."

"Don me?"

"Kin san don me."

Ta ɗauki takardar ta sake dubawa. Ta nemi fushin da ta san ta taɓa ajiyewa, kamar mai sa hannu a tulun da ta tabbata ta bar ruwa a ciki. Tulun a bushe yake. Abin da ta gani kawai shi ne karen, da yadda ruwan ya kwanta lumui kamar ba shi ne ya ci mutane ba.

"Hoto ne mai kyau," in ji ta. "Bar shi."

"Bai taɓa rataye shi a shago ba, kin sani. Duk sauran ya rataye."

"Amma ya sa shi a littafi."

Anowar ya ƙara kananzir a tsumma. Ya ci gaba da goge robar.

Ta jera layin, wuri da wata da shekara, ta ɗaure shi da zare, ta miƙa masa. Ya ɗora a inji ya taka, injin ya buɗe baki ya rufe, ya buɗe ya rufe, takardun suna fitowa ɗaya bayan ɗaya da taram ɗin a cikin ruwa, tana karɓa tana shimfiɗawa su bushe, har teburin ya cika ta koma shimfiɗawa a kan akwatuna.

An gama littafin ana saura kwanaki kaɗan bikin. Wani maɗinkin littattafai a lungun baya ya ɗinke shi da bango mai ruwan ƙasa. Ranar bikin ƙungiyar ta yi wa jirgin ado da furanni ruwan lemo tun daga gaba har baya, aka rataye hoton Nilmoni kusa da direba da zagayen fure a wuyansa. Mutane sun zo fiye da yadda aka zata, har da samari da 'yan mata masu manyan kyamarori, suna ta kwanciya a kan kwalta don su ɗauki ƙafafun jirgin. Gomes ya sa tsohuwar rigarsa ta aiki wadda maɓallanta suka daina haɗuwa, ya tsaya bayan direban yana gaya masa abin da ya riga ya sani.

Aka zaunar da Shefali a gaba. Rabonta da shiga taram ta manta. Jirgin ya tashi da ƙara, ƙararrawa na bugawa, ya bi ta College Street a hankali tsakanin rumfunan littattafai. Gurupada ya miƙe yana riƙe da ƙarfen sama da hannu ɗaya, ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce gari ne ke yanke jijiyarsa da hannunsa. Ya ce Nilmoni bai mutu ba, ya dai sauka a tasha ta gaba. Ya share ido da gefen mayafinsa, wasu ma suka share. Sannan ya ce, "Yanzu Boudi za ta ce wani abu. Ita ta jera kowane harafi na littafin nan da hannunta."

Aka yi tafi. Ta miƙe don an ce ta miƙe. Fuskoki suna kallon ta, suna jira. Ta duba ko akwai abin faɗa.

"A hoton garejin Belgachia akwai harafi ɗaya da ya juye," in ji ta. "Ban gani ba sai da aka ɗinke. Ku yi haƙuri."

Ta zauna. Sai wani ya yi dariya, sauran suka bi, aka sake tafi. Gurupada ya ce, "Kun ji 'yar maɗaba'a!" Wata yarinya mai gajeren gashi ta durƙusa gabanta da littafi ta ce ta sa mata hannu. Shefali ta rubuta sunanta, ta ga baƙin dalma bai gama fita daga ƙarƙashin farcenta ba. Da jirgin ya zo Thanthania wasu suka buɗe shafin ambaliyar suna gwadawa da titin, suna neman barandar da aka tsaya aka ɗauka. Ita tana kallon wani mai sayar da gwaiba yana yayyafa wa kayansa ruwa.

Bayan damina Tuhin ya dawo, aka ƙarasa maganar. Akwatunan hotuna da farantan tutiya ta ba ƙungiyar, Gurupada ya zo da motar haya ya kwashe, yana ta rantsuwa zai kula da su kamar 'ya'yansa. Injin ba wanda ya so shi. Masu sayen tsohon ƙarfe suka zo da guduma da sarƙa, suka wuni suna kwance shi, don ƙofar ta yi masa kaɗan, a cikin shagon aka haɗa shi tun farko. Anowar bai tsaya kallo ba, ya tafi masallaci bai dawo ba sai da suka tafi. Wani mai gyaran waya ya kama shagon haya.

Anowar ya ce zai koma ƙauyensu can kudu wajen 'yarsa, a yi masa aikin ido a can. Ranar tafiyarsa ta dafa masa shinkafa da wake da soyayyen gauta ta ɗaure a ganye, ta ce za ta raka shi bakin titi. Ya ce ba sai ta wahala ba. Ta sa takalmi ta bi shi. Kayansa duka akwatin kwano ɗaya ne da dardumar salla a naɗe.

Suka tsaya inda bas ɗin tashar Sealdah ke tsayawa. Rana ta yi zafi, ba inuwa. Bas ɗaya ta zo a cike, ya bar ta ta wuce.

"Anowar."

"Na'am, Didi."

"Kai da Baba kuka kai jaririyar makwancinta, ko? Ranar nan."

Ya ajiye akwatin a ƙasa. "Mu ne. Washegari da ruwa ya ɗan janye."

"Ni ba su nuna mini ita ba. Sun ce gara kada in gani." Ta gyara mayafinta. "Kai ka gan ta?"

"Na gan ta. Ni na riƙe ta a hanya, Baba yana riƙe da lema."

"Yaya take?"

Ya kalli titi da idanunsa masu yana. "Gashi gare ta, Didi. Cike da kai, baƙi ƙirin, har ya sauko mata goshi. Ban taɓa ganin jariri da gashi haka ba. Hancinta irin na Baba ne, dogo."

"Dogo," in ji ta.

"Dogo sosai. Da ta girma da an tsokane ta."

Wani abu ya motsa mata a ƙasan ƙirji, kaɗan, kamar ƙafar da ta yi sanyi ta fara dawowa. Ta tsaya cik ta ga ko zai ƙaru. Bas ta biyu ta iso, kwandasta yana dukan jikinta yana kiran Sealdah, Sealdah. Anowar ya ɗauki akwatinsa.

"Ki yafe mini abin da na yi miki ba daidai ba, Didi."

"Ba ka yi mini komai ba. Ka ci abincin kafin ya yi sanyi. In an yi aikin idon ka sa a kira ni."

Ya shiga da ƙyar, wani ya karɓar masa akwatin. Bas ɗin ta tafi. Ta daɗe a wurin, har mai shagon taba ya leƙo ya tambaye ta ko lafiya, ta ce lafiya, ta juya gida.

Da sanyi ya shigo ta bi Tuhin zuwa Pune. Ɗakin da suka ba ta yana hawa na sama sosai, tagarsa tana kallon wani fili da ake gini. Jikarta, mai shekara shida, ita ce ta fara shigowa da safe da littafin makaranta, ta ce an ce kaka ta iya haruffan Bengali, ita a makarantarsu ba a koyarwa. Shefali ta matsa mata wuri a bakin gado, ta karɓi fensirin, ta tambaye ta wanne take so a fara da shi.